Jan Zare da Baƙin Zare

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Yau Baba ya sa an kira Elkana ya ware mana 'yan tsaki. Elkana fa, ɗan Mama Roda ta bayan dangarmu. Ina zaune a kan turmi, tsakanina da akurki bai kai tsawon tabarma ba, amma aka tsallake ni aka aika wani gida.

Ban damu ba.

Duk unguwar nan, har mutanen Vimtim, in kaza ta ƙyanƙyashe tsaki suka yi sati uku, wajen Baba Hammanjoda ake kawo su a kwando ya faɗi wanne mace wanne namiji. Tun ina rarrafe nake ganin abin. Yanzu da idonsa ya fara abin da ya fara, sai ya zauna a kujera yana faɗa, Elkana na durƙushe yana yi. Wai ya buɗe fiffike: mace gashinta kan riga fitowa, ya yi tsawo, jelarta ta fara tsiri. Namiji kuwa kafaɗa tsirara, jela babu, sai ƙafa mai kauri kamar ta ɗan dako. Duk na san wannan. Na san shi kamar yadda na san hanyar ɗakina.

Da aka zo gwajin shaho, Elkana ya tattara baki zai yi fito, iska ta fito masa kamar tayar keke ta sace. Sai Baba ya ce, ko juyowa bai yi ba, "Mubashshir, yi mana kukan shaho." Na yi. Matan suka lafe a ƙasa, mazan suka miƙe wuya suna zare ido kamar 'yan sintiri. Abin da aka ga na iya ke nan a gidan nan. Fito.

Su sha takwas ne, tara mata tara maza, kamar an raba goro. Jan zare a ƙafar mace, baƙi a ƙafar namiji. Da Baba ya fara nuna masa yadda ake ɗaurin, na tashi na bar musu wajen, na je ina tsokanar akuyar Dada, mahaifiyata. Amma kunnena na nan. Baba ya ce yaron nan yana da hannu. Sau biyu ya faɗa. Na ƙirga.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Ashe matan nan tara na Mama Roda ne. Dada ce ta faɗa mini tana tankaɗe. Ciwon kaji ya share wa matar akurki watan jiya, ko gashi bai bar mata ba, shi ne Baba zai mayar mata da iri.

Na tuna kazar. Shekarar gudun hijira, da muka dawo Mubi muka tarar ko cokali babu a gida, Mama Roda ce ta miƙo wa Baba wata baƙar kaza ta saman danga, ta ce ya riƙe ya yi iri. Ina da shekara tara, ni na karɓe ta, ta yi mini kashi a riga. Duk kajin gidan nan jikokinta ne. To ni aka yi wa kashin, Elkana aka kira zaɓe.

Na faɗa wa Dada haka. Ta fara cewa ai akwai dalili, na matsa na yi mata carar zakara a kunne, ta jefo ni da ludayi. Ba na son jin dalili.

Wake, kazar nan mai ɗige-ɗige, ta kwanta a kan ƙwai sha biyu yau.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan magariba

Elkana ya sake zuwa. Wai duba tsakin ya zo yi. Ya shigo yana "Baba, ina wuni," kamar shi aka yanka wa rago a gidan nan. Baban wa? Ya zo da wayarsa yana nuna hotunan fiffike daga kwalejin noman da ya yi, yana nuna wa mutumin da ba ya ganin fuskata sai na matso. Baba kuma yana gyaɗa kai.

Na ɗaure masa igiyar takalmi da ƙafar benci. Bai faɗi ba, ya dai kwance ya yi murmushi. Wannan murmushin nasa ne na fi ƙi.

Da ajami nake rubuta littafin nan. Ya zo da kwalejinsa ya karanta mu gani.

Alhamis, 19 ga Yuni, bayan azahar

An wuni ana ruwa. Baba da Dada suna asibiti tun safe. Ni kaɗai a gida.

Ban je ko'ina ba. Ban yi komai ba.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

In Dada ta tambayi zarenta na ɗinki, ja da baƙi, ban san yadda aka yi ya ragu ba.

Tara da tara. Da mata goma maza takwas ne ma da tunanin bai zo wa kowa ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan sallah

Sun dawo jiya da takarda. Dada ta sa ta a ƙarƙashin tabarma, ba ta ce a karanta ba. Na ji suna maganar Yola da ƙarshen watan gobe. Da na shigo sai suka koma maganar taki.

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Na tura masa ita da ƙafa a hankali don kada ya gane. Ya ce Allah ya yi wa Elkana albarka, shi ya gyara wa akurki ƙofa.

Ni na gyara ƙofar nan. Ranar Lahadi. Da hannuna na hagu da kowa ke dariyarsa.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

An raba su. Masu baƙin zare Kalibu mai kaji ya zo ya kwashe a kejinsa, zai kai kasuwa. Masu ja kuma Baba ya sa hularsa ta Juma'a, ya ce in ɗauki kwandon in bi shi. Ta ƙofa muka shiga gidan Mama Roda, ba ta saman danga ba. Ya tsaya ya yi jawabi kamar ana ɗaurin aure. Ya ce Maman Elkana, ga irinki ya dawo gida, kaza ɗaya kika ba ni a ranar da ba ni da komai, ga 'yan mata tara, kuma wataƙila wannan ne na ƙarshe da za a ware ina zaune a wajen.

Mama Roda ta share ido da bakin zani. Ta riga ta sa musu suna tun ba a sauke kwando ba. Ɗaya wai Alheri, ɗaya Saratu.

Na so in ce wani abu. Kalibu bai kai bakin titi ba a lokacin, da na ruga da na cim masa. Sai Baba ya dafa kafaɗar Elkana. Na ajiye kwandon na ce zan je ban-ɗaki.

Sati biyu ne kawai, a yi dariya, a ce ashe ɗan kwaleji ma yana kuskure. Wasa ne. Kowa ya san ni da wasa.

Asabar, 28 ga Yuni, da safe

Ban damu ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Na leƙa ta ramin danga. Saratu tana dambe da Alheri, ƙirji da ƙirji, wuya a tashe. Mama Roda tana watsa musu tsaki tana cewa 'yan matan nan akwai rashin kunya.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya dariyar ta ƙare, na bar wajen ramin.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Wake ta ƙyanƙyashe, goma sun fito, biyu sun yi bara-gurbi. Baba ya ce a kai masa su ji ɗuminsu a tafin hannu. Bai ce wa zai ware su ba in lokaci ya yi. Ni ma ban tambaya ba. Na san amsar, tana bayan danga tana goge takalmi.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

Mama Roda ta shigo da Saratu a hannu. Ta ce wa Baba, "Baban Nafisatu, kazan nan yana ɗingishi tun jiya, duba mini." Zaren ne ya nutse a ƙafar, wajen ya kumbura. Baba ya karɓa ya ɗora a cinya. Ya bi ƙafar da yatsa, ya zo kan ƙullin ya tsaya.

Ya daɗe a wajen. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya shafa kan tsakon, wajen zanko. Ya koma kan ƙullin.

Ina tsaye a bakin rumfa da rake a hannu, na kasa tauna.

Sai ya ce a ba shi reza. Ya yanke zaren da kansa, ya shafa man kaɗanya, ya ce ta je ta yanke na sauran duka yau ɗin nan. Guntun zaren ban ga inda ya jefar ba. Na duba ƙasa bayan sun tashi, babu.

Bai ce komai ba. Ai ba ya gani. Me zai ce?

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan magariba

Kwana biyu Baba bai ce in yi masa kukan komai ba. Da, in ya gaji da zama, yakan ce in yi masa muryar mai tallan manja ko ta Kalibu yana rantsuwa, ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Yau na yi masa Kalibu ba a tambaye ni ba. Ya ce in miƙo masa carbi.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Zanko ya fito. Ja wur, a kan duka taran. Ko makaho... a'a, ba zan rubuta wannan ba.

Matan da suka dawo daga coci tare da Mama Roda sun tsaya a gidanta ganin 'yan mata. Ina jin su ta danga. Wata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sagara da irin wannan ƙafa ba. Mama Roda ta ce iri ne mai kyau, ɗanta ne ya zaɓa da hannunsa a gaban Hammanjoda, wa zai fi su sani? Elkana yana wajen. Ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Na ari mashin na je kasuwa wajen Kalibu. Na ce waɗannan tsakin na sati uku da suka wuce, masu baƙin zare, ina suke? Ya dube ni kamar na tambaye shi ruwan bara. Ya ce huɗu wata mata ta saya ta hau motar Muchalla, sauran wani ya haɗa da nasa ya tsallaka da su iyaka. Ya ƙara da cewa mazan nan namu akwai sanyin hali, ko faɗa ba sa yi a keji.

Na je har Muchalla. Mace mai kaji huɗu. Kowace mace a garin mai kaji huɗu ce. Ruwa ya dake ni a hanyar dawowa.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Ba na jin yunwa.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Dada ta aike ni in kai wa Mama Roda rariya. Na same su a tsakar gida, ita da Elkana da mata biyu masu sayen gyaɗa. Ina miƙa rariyar sai ga cara daga bayan rumbu. Ba cikakkiya ba, irin ta mai koyo, rabinta tari.

Mama Roda ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mubashshir, ka girma mana. Kullum zakara, kullum zakara."

Ina gabanta. Bakina a rufe.

Aka sake yi. Duk suka dubi bakina, har Elkana. Sai ga Alheri ta fito daga bayan rumbu ta hau turmi, ta miƙe wuya ta yi ta uku a gaban kowa. Saratu ta amsa mata daga bakin rijiya da ƙafarta mai tabo.

Masu gyaɗa suka fashe. Ɗaya ta ce tara duka? Ko da ido rufe aka ɗiba ai a samu mace ɗaya. Mama Roda ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗanta ta ce, sati huɗu tana hana kanta dawa tana ba su. Elkana ya ce shi dai ya san abin da ya gani a fiffiken. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, ya shiga ɗaki.

Wannan ranar nake jira tun watan jiya. Ga ta ta zo.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

A wajen mai shayi an sa masa suna Likitan Zakaru. Ba ni na sa ba. Karon farko ke nan da aka yi wa wani suna a unguwar nan ba da bakina ba. Suna ta jira in ɗora, har abokina Mansir yana zungurina wai in yi muryarsa. Na ce haƙori ke damuna.

Wata mata daga Vimtim ta zo da kwandon tsaki, ta ji labari a bakin layi, ta juya da kayanta. Ta ce tsohon ya makance, yaron da ya koya wa kuma ga abin da ya yi. A ƙofar gidanmu ta faɗa, Baba yana zaure. Ni Elkana na nufa. Ban san abin zai biyo ta zauren gidanmu ba.

Elkana bai shigo ba tun Talata. Bencin da yake zama yana nan, na samu abin da nake so, ba mai cewa "Baba, ina wuni" sai ni. Baba yana amsawa da kai.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Litinin za su tafi Yola aikin idon Baba. Dada tana ta wanki.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Baba ya kira ni zaure. Ya ce in zauna, ba a kan turmi ba, nan kusa. Ya cire hula, ya zaro wani abu daga naɗinta, ya kamo hannuna na hagu ya sa mini. Jan zare ne, guntu, da ƙullinsa.

Ya ce ɗaurin da ya koya wa Elkana zarge ne, mai sakin jiki, don ƙafa ta girma zaren ya bi ta. Wannan kuwa ƙulli ne biyu a kan juna, kuma ta hagu aka juya shi. Ya ce shekara nawa yana kwance irinsa a bakin buhu, a wuyan akuya, a igiyar takalmin baƙi.

"Kwana goma sha takwas ina jiranka ka zo da bakinka. Gobe za a taɓa idon nan. Ko a dace ko kada a dace, ban so in tafi da shi a hula ba."

Na ce me ya sa bai faɗa ba tun ranar, ya bar Mama Roda tana ta ɓarnar dawa? Ya ce wannan nasa laifin ne, ya zaɓi ɗansa a kan maƙwabciyarsa, kuma zai je ya faɗa mata da kansa.

Sai abin ya fito mini. Na ce ina zaune a kan turmi ya aika a kira wani. Na ce ni fito kawai na iya a idonsa. Na faɗi maganar ƙofar akurki ma, har da butar. Muryata ta yi irin ta Alheri.

Sai ya ce, "Mai karɓar iri shi ke zaɓa da hannunsa, don kada gobe a ce an ba shi saura. Ranar da ta ba mu baƙar kaza, cewa ta yi ka nuna wadda kake so a cikin uku da suka rage mata. Kai ka nuna. Ka manta?"

Na manta. Kashin kawai na riƙe.

Ya ce da gidan wani za a kai su, ba Elkana zai kira ba. Bai ce wa zai kira ba, ya mayar da hularsa.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Kafin mota ta zo muka shiga, ta ƙofa. Baba ya faɗi nasa, ya koma gefe. Na faɗi nawa, cewa ni na musanya zaren. Ban yi muryar kowa ba, kuma ashe tawa ba ta da ƙarfi. Mama Roda ta ce in sake, ba ta ji ba. Na san ta ji. Na sake.

Ta ce zakaru tara ba ta san abin da za ta yi da su ba, amma dusar da za su ci daga yau a wuyana take. Ta ce kuma ba ita aka sa wa suna a wajen mai shayi ba.

Na je wajen mai shayi. Suna cike. Na faɗa a tsaye. Mansir ya yi dariya yana jiran ƙarshen wasan, da ya ga babu sai ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Elkana bai yi murmushin ba ma. Ban taɓa zaton zan nemi murmushin nan ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan magariba

Sun dawo. Ido ɗaya a rufe da auduga. Dada ta ce sai an buɗe za a sani.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Tsakin Wake sun wuce sati uku. Baba ya ce a kira Elkana, irin uwarsa ne, shi zai zaɓa. Ni na je kiran. Ya zo, bai gaishe ni ba, ya durƙusa ya buɗe fiffike ɗaya bayan ɗaya. Na yi kukan shaho ba a roƙe ni ba. Shida suka lafe, huɗu suka miƙe wuya.

A kan wani mai ruwan toka muka saɓa. Ya ce namiji, na ce mace, dubi jela. Baba ya karɓa ya shafa, ya daɗe, ya ce a sa ja. Bai ce ina da hannu ba. Na saurara sosai, bai ce ba. Ya dai miƙo mini zaren ya ce, "Ɗaura."

Na ɗaura goma. Ya bi su da yatsa, ya kwance na uku ya ce in sake. Na sake.

Zarge ne duka. Elkana ya ɗauki kwandon da kansa, a bakin ƙofa ya tsaya ya duba ƙafar kowace sau biyu, a gabana. Da ni ne, sau uku zan duba.